Yaya zan taimaki matashi ɗan asalin Kanada da tashin hankali ya bar wa tabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Karatu ne ya kawo ni birnin Winnipeg da ke lardin Manitoba a Kanada, kuma ina aikin dare a wani gida da ake ajiye matasan da hukuma ta ɗauke daga hannun iyayensu. Kusan dukkansu 'yan asalin ƙasar ne, daga al'ummomin Cree da Anishinaabe. Akwai yaro ɗan shekara 15 da ya fi tsaya mini a rai. Ba ya barci sai fitila na kunne, yana ɓoye abinci ƙarƙashin katifa, idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura ya hau zagi, kuma ya sha guduwa daga gidan. An gaya mana cewa yana ƙarami ya sha ganin ana dukan mahaifiyarsa, daga baya kuma yayansa ya rasu. Duk nasihar da na yi masa ta bayan kunnensa take bi. Sannan wani lokaci dattawansu sukan zo su turara wasu ganyaye, ni kuma Musulma ce, ban san matsayin da zan ɗauka ba. Yaya zan taimake shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka miki da alheri da kika damu da yaron nan har kika tsaya tambaya, domin da yawa daga masu irin aikinki rubuta rahoto kawai suke yi su tafi gida.

Abubuwan da kika lissafa, mu a asibiti mun san su a matsayin alamomin ɗimuwar da ke biyo bayan tashin hankali. Yaron da ya tashi yana jin ihu da faɗuwar kaya cikin dare, jikinsa yakan koyi zama cikin shiri ko da yaushe. Akwai wani ɗan ƙaramin sashe a cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala wanda aikinsa gano haɗari, kuma da zarar ya ji abin da ya yi kama da tsohon haɗarin, sai ya sa jiki ya saki sinadaran adrenalin da kotisol, zuciya ta hau bugawa, tsokoki su ɗaure, mutum ya shirya faɗa ko gudu tun kafin ya yi tunani. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna magana da hangen abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai mutum ya kusa shekara 25, kuma a lokacin firgici kusan rufewa yake yi. Shi ya sa nasiharki ba ta shiga. Kina magana da sashen da a wannan lokacin ba ya aiki. Ɓoye abinci kuwa yawanci shaida ce cewa ya taɓa kwana da yunwa, fitilar kuma ita ce ke ba shi damar ganin wanda zai shigo.

Sai dai idan na tsaya a nan na yi miki rabin bayani, domin labarin yaron ya girme shi. Tun daga ƙarni na 19 gwamnatin Kanada ta haɗa kai da majami'u, mafi yawa na Katolika, sai Angilika da wasu, suka buɗe makarantun kwana domin raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da harshensu da addininsu da danginsu. A 1920 aka gyara dokar da ke mulkinsu, wadda aka kafa tun 1876, aka wajabta wa yara masu shekara 7 zuwa 15 zuwa makaranta, kuma iyayen da suka ƙi ba da 'ya'yansu suna iya fuskantar tara ko ɗauri. Yara kusan 150,000 ne suka bi ta waɗannan makarantu, kuma ba a rufe ta ƙarshe da gwamnatin tarayya ke gudanarwa ba sai a 1996. Idan yaro ya isa, akan aske masa dogon gashinsa, a ba shi lamba, a raba shi da 'yan'uwansa na ciki ɗaya, a doke shi idan ya yi yarensu. Yunwa da tarin fuka da fyaɗe sun yi yawa. Tun a 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya kai rahoton cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban makarantun da ya bincika sun mutu, aka yi biris da shi. Hukumar Gaskiya da Sulhu, ƙarƙashin Mai Shari'a Murray Sinclair, wanda shi ne ɗan asalin ƙasa na farko da ya zama alƙali a Manitoba, ta saurari mutum fiye da 6,500, ta kammala aikinta a 2015 da shawarwari 94, ta kuma kira abin da aka yi kisan ƙare dangi ta fuskar al'ada. Taskar shaidun da ta tattara tana Jami'ar Manitoba, a garin da kike, tare da sunayen yara sama da 4,000 da ba su koma gida ba. Ina ba ki shawara ki ware wuni guda ki karanta wasu daga cikin shaidun. Yana yiwuwa ƙwarai kakar yaron nan ko kakansa na cikin waɗanda aka kai.

Hanyar da wannan ke sauka kan jikoki ba ta da wuyar ganewa. Yarinyar da aka ɗauke tana da shekara shida, ta yi shekara goma ba wanda ya rungume ta, ba ta ga yadda uwa ke lallashin ɗa ba, horon da ta sani shi ne bulala da hana abinci, ta fito ta yi aure ta haihu da abin da aka cusa mata. Wasu sun nemi mantuwa a giya. 'Ya'yansu suka tashi a gidajen da ba a maganar abin da ya faru, amma kowa yana jin nauyinsa. Maria Yellow Horse Brave Heart, masaniya daga al'ummar Lakota ta Amurka, ita ce ta yi fice wajen bayyana wannan a matsayin rauni na tarihi da ke taruwa daga tsara zuwa tsara, kuma binciken Amy Bombay da abokan aikinta a Kanada ya nuna cewa 'ya'ya da jikokin waɗanda suka yi makarantun kwana sun fi sauran 'yan'uwansu fama da ciwon damuwa da tunanin kashe kai. Za ki ji wasu suna cewa raunin ya shiga jini, ana gadonsa ta ƙwayoyin halitta. Ni ina taka-tsantsan da wannan magana, domin bincike bai tabbatar da ita ba tukuna, kuma tana iya sa a ɗauka yaron ya lalace tun daga ciki. Talauci da cunkoson gidaje da rashin tsabtataccen ruwa a wasu yankunansu da wariyar yau da kullum sun isa su bayyana mafi yawan abin da muke gani.

Ga kuma abin da ya fi shafar ki kai tsaye. Ɗaukar yara ba ta ƙare da rufe makarantun ba. Daga shekarun 1960 zuwa 1980 jami'an kula da yara sun kwashe dubban jarirai da ƙanana, an ƙiyasta kusan 20,000, suka miƙa su ga iyalan Turawa, wasu har Amurka da Turai. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa 'ya'yan 'yan asalin ƙasa kashi 7.7 ne cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 15, amma su ne kashi 53.8 na yaran da ke hannun masu riƙo. A Manitoba kusan tara cikin kowane goma na yaran da ke hannun hukuma 'yan asalin ƙasa ne. A wurinmu riƙo yawanci karamci ne, goggo ko kawu ke ɗaukar yaro da yardar iyayensa, yana jin harshensa, yana zuwa gida da salla. Riƙon da yaron nan ya sani kuwa, baƙi ne suka zo da takarda, wani lokaci da 'yan sanda, suka zuba kayansa a ledar shara. Saboda haka duk kyawun niyyarki, a idonsa ke hukuma ce, kuma mai yiwuwa ke ce ta ashirin ko ta talatin a jerin manyan da suka ce suna son taimakonsa sannan suka ɓace. Zaginsa sau da yawa gwaji ne: yana so ya ga ko ke ma za ki tafi, kuma ya fi son ya kore ki da kansa da a ce kin bar shi.

Don haka aikinki na farko shi ne ki zama mutumin da ake iya sanin abin da zai yi. Ki riƙa zuwa a kan lokaci, ki gaishe shi iri ɗaya ko jiya ya zage ki, kada ki yi alkawarin da ba ki da ikon cikawa, ko da na sayo masa lemo ne. Idan aikin dare ya wajabta miki leƙa ɗakuna, ki gaya masa tun da yamma ƙarfe nawa za ki zo, ki ƙwanƙwasa a hankali, ki faɗi sunanki kafin ki taɓa ƙofa, kuma kada ki tsaya a bakin ƙofa kina tare masa hanyar fita. Ki bar masa fitilarsa. Maganar abinci kuwa, maimakon a riƙa ɗaga katifa ana kwashewa, ki nemi izinin shugabanki a ba shi ɗan akwati mai murfi da zai ajiye busassun abubuwa a ciki, a gaya masa nasa ne, ba wanda zai taɓa. Sau da yawa ɓoyon yakan ragu da kansa idan yaro ya tabbata cewa gobe ma akwai.

Lokacin da ya zabura, ki rage murya, ki rage kalmomi, ki ja da baya taku biyu, ki zauna idan hali ya yi domin kada ki tsaya a kansa, hannuwanki a inda zai gan su. Jimla ɗaya ta isa, kamar ki ce masa ƙofa ce iska ta buga, ba kowa, kina nan. Kada ki taɓa shi ba da izininsa ba, kada ma ki dafa masa kafaɗa, balle gashinsa, wanda ke da daraja ta musamman a wurin da yawansu saboda tarihin askin da na ambata. Maganar laifi da gyara sai bayan ya huce sarai, wataƙila washegari, kuma ta fi shiga idan kuna gefe da gefe kuna wani aiki, wanke kwanuka ko tafiya a mota, fiye da a zaunar da shi ana kallon ƙwayar idonsa. A nan tarbiyyarki ta ba ki abin da abokan aikinki Turawa ba su da shi: kin san cewa sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, kuma doguwar shiru ba raini ba ce. Haka abin yake a gidajen Cree da Anishinaabe da yawa. Bambancin da za ki kiyaye shi ne, su sun fi koyar da yaro ta hanyar labari da nuni da barinsa ya gwada, ba su cika yi masa doguwar huɗuba ba. Ki riƙa ba shi zaɓi a ƙananan abubuwa, wanka yanzu ko bayan cin abinci, wannan aiki ko wancan, domin wanda aka yi ta yanke wa hukunci ba a tambaye shi ba, ɗan ikon da ya samu a kan rayuwarsa magani ne. Wannan ba ya nufin a sakar masa linzami. Dokokin gida suna nan, amma su zama kaɗan, sanannu, ba sa canzawa da fushin ma'aikaci.

Kada ki tona labarinsa. Tilasta wa mai ɗimuwa ya ba da labarin abin da ya same shi kan iya ta da ciwon ba tare da an warkar ba. Idan shi ya fara da kansa, ki saurara, ki gaskata shi, ki gaya masa ba laifinsa ba ne, kuma kada ki yi masa alkawarin rufa asiri, saboda dokar Manitoba ta wajabta wa kowa kai rahoton cin zarafin yaro. Ki gaya masa wannan tun da wuri, ki kuma gaya masa wa za ki faɗa wa, domin kada ya ji an yaudare shi.

Rasuwar yayansa ita ce ta fi ba ni tsoro a cikin wasiƙarki. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Kanada na 2011 zuwa 2016 sun nuna cewa kashe kai a tsakanin al'ummomin da ake kira Ƙabilun Farko, waɗanda Cree da Anishinaabe ke cikinsu, ya ninka na sauran jama'a sau uku, a tsakanin Inuit, 'yan asalin can arewacin ƙasar, kuma kusan sau tara, kuma matasa ne abin ya fi ci. Idan kika ga ya fara rabar da kayansa, ko yana cewa ya gaji da duniya, ko yana son bin yayansa, ko ya yi wata natsuwa ta farat ɗaya bayan doguwar damuwa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, bincike ya tabbatar da haka. Idan ya ce e, kada ki bar shi shi kaɗai, ki kawar da magunguna da wuƙaƙe da igiyoyi, ki kira shugabanki nan take. Lambar 988 tana aiki a duk Kanada dare da rana tun Nuwamban 2023, akwai kuma layin Hope for Wellness na 'yan asalin ƙasa, inda ake iya neman mai jin Cree ko Ojibwe, harshen Anishinaabe. Ki kuma bincika ko an taɓa yi masa zaman makoki na gaskiya. Tina Fontaine, yarinya 'yar shekara 15 daga al'ummar Sagkeeng ta Manitoba da aka tsinci gawarta a Jan Kogi na Winnipeg a Agustan 2014 tana hannun hukuma, an kashe mahaifinta a 2011, kuma rahoton ofishin mai kare haƙƙin yara na lardin a 2019 ya nuna cewa ba ta samu taimakon masana kan wannan rashi ba. Guduwar yaro ma ki ɗauke ta da muhimmanci: ki bi ƙa'idar kai rahoto, amma idan ya dawo ki fara da abinci da cewa kin ji daɗin ganinsa lafiya, sannan ki tambayi inda yake zuwa. Da yawansu wurin uwa ko ƙanne suke nufa, kuma idan haka ne, maganin shi ne a tsara masa ziyara.

Yanzu ga tambayarki kan turare. Abin da kika gani tsarkakewa ce da suke yi da hayaƙin wasu tsirrai huɗu da suke girmamawa, cikinsu har da taba da wata ciyawa mai ƙamshi da ake kitsawa. Ba a wajabta miki shiga ba, kuma dattawansu sun saba da mai ja da baya cikin ladabi idan aka zagayo kansa da kaskon. Abin da zan roƙe ki shi ne kada yaron ya ga ƙyama a fuskarki, kuma kada ki yi amfani da aikinki wajen janye shi zuwa addininki, domin an shafe fiye da ƙarni ana gaya wa kakanninsa cewa abin da suka gada ƙazanta ne, har doka ta haramta wasu bukukuwansu sai a 1951 aka ɗage. Kuma akwai hujja ta ilimi. A 1998 Michael Chandler da Christopher Lalonde suka duba al'ummomi kusan 200 a lardin British Columbia, suka tarar fiye da rabinsu ba a samu matashi ko ɗaya da ya kashe kansa ba a shekarun da suka bincika, alhali wasu abin ya yi musu katutu. Al'ummomin da suka tsira su ne masu iko da makarantunsu da asibitocinsu da tsaronsu, masu fafutukar ƙasarsu, masu wuraren raya al'adarsu. Wani bincike da ya biyo baya a 2007 ya nuna cewa inda fiye da rabin mutane ke jin harshensu, kashe kan matasa ya yi ƙasa ƙwarai ko babu shi. Ke ba za ki iya koya masa Cree ba, amma za ki iya tambayar sunan garinsu, ki koyi gaisuwarsu, ki matsa a kai shi wurin dattijo, ko sansanin da ake koya wa matasa kamun kifi da farauta da kiɗan ganga. Cibiyar Ma Mawi Wi Chi Itata, wadda 'yan asalin ƙasa suka kafa a Winnipeg a 1984, tana cikin wuraren da za ki fara tambaya. Ki dai tambaye shi abin da yake so, domin iyalai da yawa Kiristoci ne, wasu matasan kuma kunya suke ji saboda ba su san komai na al'adar ba.

Al'ada ba ta maye gurbin likita. Maganin da ya fi samun shaidar bincike ga yara masu ɗimuwa shi ne na tattaunawa da ƙwararre, wanda ke koya wa yaro sarrafa numfashi da tunani kafin a kai ga labarin abin da ya faru, sannu a hankali, tare da babban da ya amince da shi, yawanci cikin zama 12 zuwa 20. Dolores BigFoot ta Jami'ar Oklahoma ta gyara wannan hanya ta dace da 'ya'yan 'yan asalin ƙasa. Idan aka ce babu kuɗi, ki tuna wa jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa Ƙa'idar Jordan, wadda majalisar Kanada ta amince da ita a 2007. Sunan Jordan River Anderson ne, yaro daga Norway House a Manitoba, wanda ya rasu a asibiti a 2005 yana da shekara 5 bayan gwamnatin tarayya da ta lardi sun shafe fiye da shekara biyu suna jayayya kan wanda zai biya kuɗin jinyarsa a gida. Ƙa'idar ta ce a fara biya wa yaro buƙatarsa, gwamnatoci su yi lissafinsu daga baya. Dokar tarayya da ta fara aiki a Janairun 2020 kuma ta fifita ajiye yaro a wurin danginsa ko al'ummarsa, don haka tambayar ko akwai kaka ko inna da za ta iya karɓarsa tambaya ce mai ƙafa a doka. Mahaifiyarsa kuwa, duk abin da kika karanta a fayil, kada ki aibata ta a gabansa.

Shekara uku suka rage ya cika 18, inda kulawar hukuma ke yankewa, ko da yake lardin yakan tsawaita wa wasu tallafi har 21, kuma wannan sai an nema tun da wuri. Ki tambaya ko yana da katin shaidar zamansa ɗan Ƙabilun Farko da takardar haihuwa da katin lafiya, ki fara koya masa girki da riƙon kuɗi. Ke ma ki riƙa zama da shugabanki kuna tattauna abin da ke damunki, domin masu wannan aiki sukan kwashi ɗimuwar yaran, su fara rashin barci da saurin fushi. Kuma tunda karatu ya kawo ki, wata rana za ki bar gidan. Ki gaya masa makonni kafin ranar, ki faɗi dalili, ki gabatar masa da wanda zai karɓe ki, ki yi masa sallama ido da ido.